Maki ukku na Monza da ihun Meksiko: yadda tseren mota ya raba mana fada a Tawa

Ranar Lahadi 7 ga Satumba 2025 abin ya faro, a garejin Baba inda muke taruwa kallon Formula 1 duk ranar da akwai tsere. Ba mu da yawa, in an cika mu goma sha biyu ne ko sha ukku, don nan Tawa in ba ƙwallo ko kokowa ba da wuya ka zaunar da mutum awa biyu gaban tele. Kowa na kawo abin da ya samu ƙarshen wata a haɗa a biya abonema na Canal+, mai shayi shi aza butarshi, in wuta ta tafi Baba shi tada gurub. Shekara biyar muna haka ba a taɓa tashi baram-baram ba, har rikicin Abu Dabi na 2021, inda Max Verstappen ya karɓe kambu daga Lewis Hamilton a zagayen ƙarshe, wanda ya raba masu kallon tsere gida biyu a duniya, mu mun yi musunmu mun sha shayinmu mun watse lafiya. Amma maki ukku kacal na tseren Monza ta Italiya sun sa mutum biyu cikinmu sun yi wata ukku ba gaisuwar kirki, shi ya sa nike son in zauna in rubuta abin tun daga tushe, yadda ya faru can da yadda ya faɗo mana nan.

Ga wanda bai bin harkar. A 2025 ekip goma ne, kowace da mota biyu da direba biyu. Kambu biyu ake nema, na direbobi da na ekip, kuma kuɗin da ake rabawa ƙarshen shekara bisa matsayin ekip ake rabonsu. Wanda ya zo na ɗaya shina samun maki 25, na biyu 18, na ukku 15. To ka ga tun nan rigimar take, mutum biyu gida ɗaya tukunya ɗaya, kuma kowa na son a ce shi ne ɗan gaban goshi. In manyan ekip sunka kira direba ta rediyo sunka ce ba ɗan'uwanka hanya, ko kada ka wuce shi, shi ne abin da masu sharhi da Faransanci ke ce ma konsinyi, wato umurnin ekip.

A shekarar McLaren ke da motar da ta fi ta kowa, kuma direbobinta biyu, Oscar Piastri ɗan Ostareliya da Lando Norris ɗan Ingila, su ke jan kambun tsakaninsu. Sati guda kafin Monza, a Zandvoort ta Holan, motar Norris ta mutu mishi saura 'yan zagaye a ƙare, Piastri ya ci, ratar da ke tsakaninsu ta koma maki 34. Max Verstappen na Red Bull kuwa shina baya da maki 104, duk mun cire shi cikin lissafi.

Tseren Monza zagaye 53 ne, ƙarfe biyu na rana agogonmu anka fara, mun yi azahar da gaggawa munka zauna. Verstappen ya tsere ya bar kowa, Norris na biyu, Piastri na ukku, Charles Leclerc na Ferrari na huɗu. Doka ce sai kowa ya tsaya ya canza taya, McLaren kuma ta ja lokaci ƙwarai ba ta kira su ba sai da tsere ya kusa ƙarewa. Al'adar ekip ita ce wanda ke gaba shi ke fara shiga canjin taya, don wanda ya riga sa sabuwar taya shina samun gudun da ka iya sa shi fito gaban wanda ya jinkirta. Amma suna tsoron kada Leclerc ya cim ma Piastri, sai anka shirya Piastri shi fara shiga, Norris ya yarda bayan an tabbatar mishi ba za a bari hakan ya sa a wuce shi ba. Piastri ya shiga, sakan 1.9 an gama mishi. Norris ya shiga zagaye na gaba, tayar gaba ta hagu ta ƙi ɗauruwa da wuri, sakan 5.9, ya fito ya iske Piastri gabanshi.

Nan take injiniyan Piastri ya kira shi ya ce wannan kamar abin Hongiri ne na bara, shi ba Norris hanya sannan su ci gaba da tserensu. Abin Hongiri ɗin shi ne na Yuli 2024, Piastri ke gaba ekip ta fara kiran Norris canjin taya ya fito gabanshi, anka yi ta lallashin Norris ta rediyo zagaye bayan zagaye sai a na 68 cikin 70 ya maida wurin, nasarar Piastri ta farko kenan. Piastri dai ya amsa da cewa ai sun yi magana cewa jinkirin canjin taya cikin tsere yake, bai gane mi ya canza ba, amma in suna so za shi yi. Ya yi. Da anka gaya ma Verstappen ta tashi rediyon dariya ya yi, ya tambaya wai don kawai an yi mishi jinkirin taya? Norris ya ƙare na biyu, Piastri na ukku, rata ta sauka 31. Ekip kuwa ko ta juya su ko ta bar su maki 33 ne nata, ba ta ƙaru da komi ba.

Yanzu ga mutanen namu. Ɗaya tela ne, masoyin Verstappen na gani kashe ni, har hular lemu ya ɗinka ma kanshi. Ɗayan ɗan kabu-kabu ne, tun zamanin Hamilton duk ɗan Ingila nashi ne, da McLaren ta tashi sai ya riƙe Norris. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kullum cikin tsokanar juna suke, shi ya sa da sunka fara ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Tela ya miƙe tsaye shina cewa wannan sata ce da rana tsaka, yaro ya ci da guminshi an ƙwace an ba ɗan lele. Ɗan kabu-kabu ya ce alkawali anka yi, da Norris bai yi kara ya bar ƙanenshi ya fara shiga ba ai da ba a zo nan ba, wanda ya yi maka kara ba ka saka mishi da wayo. Anka yi ta kai da komo, murya na hawa, sai tela ya ce "kai dama ba ka ganin laifin a ba mutum, moton da kake hawa ma ba kai ka saya ba." Kawunsu ne ya saya mishi moton bayan ya yi shekara biyu ba aiki, duk mun sani, kuma duk mun san yadda abin ke ci mishi rai. Garejin ya yi tsit. Bai ce komi ba, ya aje kofin shayinshi bai sha ba, ya tada moto ya tafi.

Bayan la'asar da munka rage mu biyar Baba ya ba mu wani labari da ban taɓa ji daga bakinshi ba. Ya ce a Janairun 1989 shina yaron gareji tseren Paris-Dakar ya ratso ƙasar nan, daga Agadas ta Tawa zuwa Yamai sannan Gawo ta Mali, su yara sun kwana suna maganar motocin Peugeot 405 guda biyu da sunka bar kowa baya, ɗaya Ari Vatanen ɗan Finlan ɗaya Jacky Ickx ɗan Beljik. Su biyun sun matsa ma juna har Vatanen ya wuntsila da mota, sai patoronsu Jean Todt ya ga in ya bar su za su farfasa mishi motoci biyu cikin daji ya tashi a tutar babu. A Gawo ya ciro ɗan ƙarfen kuɗi na faran 10 na Faransa ya cilla sama, ya faɗa ma Vatanen, shi ke nan anka ce Ickx shi haƙura, kuma Vatanen ɗin ya ci a Dakar. Baba ya ce lokacin ya ji haushi ƙwarai, mutane su ratsa Tenere da ransu a hannu sannan ƙarfe shi yanke hukunci, amma yau da yake da gareji da yara shida a ƙarƙashinshi ya gane mutumin, don in yaranka biyu suna tsere da dukiyar da kai za a tambaya dole ka tsawata. Sannan ya ce abin da ya tsaya min a rai: "Amma ku lura, ɗiyana, shi Todt da hannunshi ya cilla ƙarfen, kowa ya san wa za shi zaga."

Wannan Todt ɗin dai shi ne shugaban ekip ɗin Ferrari ranar 12 ga Mayu 2002 a Otirish, ranar da duk mai maganar umurnin ekip ke komawa gare ta. Rubens Barrichello ya fi kowa gudu tun ranar gwaji, ya ja tseren kusan duka, anka ce shi ba Michael Schumacher hanya, ya ƙi sai a mitocin ƙarshe dab da layi ya sassauta, tsakaninsu bai kai kashi biyu cikin goma na sakan ba. Tsere na shida ne kawai cikin 17, Schumacher ya riga ya ci huɗu cikin biyar na farko, ba wanda ke barazana gare shi. Jama'a sunka ɗauki ihu, Schumacher kunya ta kama shi ya tura Barrichello bisa matakin na ɗaya ya miƙa mishi kofin. FIA, hukumar da ke kula da tseren, ta ci su tarar dalar Amurka miliyan ɗaya, kuma ba don juya direbobin ba, don ɓata tsarin ba da kofi, tunda lokacin ba dokar da ta hana. Ferrari na da hujjarta, a 1999 Schumacher ya karye a ƙafa a Silverstone tsakiyar shekara kuma sun rasa kambun direbobi da maki biyu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai shi yi tsalle. Amma a 2002 tun tsere na 11 a Faransa ya gama lashe kambun, saura shida, ya ƙare da maki 144 Barrichello na da 77. Maki huɗun Otirish ba su tsinana komi ba sai baƙin jini.

Ihun nan ya yi aiki, wannan dole a faɗa, don daga 2003 an hana umurnin ekip. Sai dai hanin bai kashe abin ba, ɓoye shi ya yi. Ranar 25 ga Yuli 2010 a Hockenheim ta Jamus, shekara guda cif da ranar da wani ƙarfe ya bugi Felipe Massa na Ferrari a kai a Hongiri ya kusa kashe shi, shina kan gaba za shi ci, injiniyanshi ya ce mishi ta rediyo Fernando ya fi ka gudu, ka tabbatar ka gane saƙon. Yaro ma ya gane. Massa ya kauce, ɗan ekip ɗinsu Fernando Alonso ya ci, anka ci Ferrari tarar dalar Amurka dubu ɗari, ƙarshen shekarar FIA ta ga dokar ba ta kamuwa ta soke ta. Tun 2011 halal ne a dokance.

Sai kuma ɗaya fuskar, wadda ita ta fi ɗaure min kai. A Maleziya, Maris 2013, Red Bull ta ba direbobinta wata kalmar sirri, Multi 21, ma'ana mota lamba 2 ta Mark Webber ta zauna gaban lamba 1 ta Sebastian Vettel har ƙarshe. Vettel ya yi kunnen uwar shegu ya wuce Webber ya ci. To ai abin da jama'a ke kuka a kai kenan tun 2002, a bar direbobi su yi tsere, ga wanda ya ƙi bin umurni ya yi tsere. Mi ya samu? Ihu. A Kanada, a Monza, a Singapur har sai da Martin Brundle da ke mishi tambayoyi bisa dandamali ya roƙi jama'a su bari. Wanda anka ba hanya an yi mishi ihu, wanda ya ƙwaci hanya an yi mishi ihu, kuma su biyun abin da ya haɗa su shi ne suna cikin cin kowa ba sassauci, Vettel a shekarar tsere 13 ya ci, tara na ƙarshe a jere.

Da na koma gida daren nan na yi ta tuna abubuwan da munka kalla tare cikin garejin. Mayu 2022 a Baselona, shi ma tsere na shida a shekara kamar na Otirish, Red Bull ta ce ma Sergio Pérez shi ba Verstappen hanya, Pérez ya ce ba a yi mishi adalci ba amma ya kauce. Ranar tela cewa ya yi haka ake tafiyar da gida, kowa shi san babba, ɗan kabu-kabu kuwa shi ke ihun zalunci. Wato maganar da kowannensu ya yi a Monza ita ce ɗan'uwanshi ya yi shekara ukku baya, musanya kujera kawai sunka yi. Ni ma ba ni fita ciki. Yuli 2022 a Silverstone da 'yan Ingila sunka rufe Verstappen da ihu bayan gwajin gudu har ba a jin abin da shike faɗi, daɗi na ji, don raɗaɗin Abu Dabi bai sake ni ba, sai Hamilton da kanshi ya fito ya ce bai yarda da ihun ba. Ko sati ba a yi ba a Otirish Hamilton ya daki shinge da mota masoyan Verstappen masu rigunan lemu sunka ɗauki sowa tun ba a san ko ya ji ciwo ba, raina ya ɓaci na ce waɗannan ba su da imani. Abin da na tafa ma ranar Asabar shi na tsine ma ranar Juma'a. Mu da munka tashi da kokowa bai kamata wannan shi zamo mana baƙo ba, tun 1975 da anka fara gasar takobi a garin nan kowace jiha ke kawo 'yan kokowarta, kuma ban taɓa ganin ranar da 'yan Tawa sunka yi ma alƙalin wasa ihu don ya ba ɗan Tawa kaye mai gardama ba.

Sati bakwai cif bayan Monza, 26 ga Oktoba, tseren Meksiko, ƙarfe tara na dare agogonmu. A tsakanin nan abubuwa sun juya, Piastri ya daki shinge a zagayen farko a Baku, McLaren ta riga ta lashe kambun ekip a Singapur, Verstappen na ta cin rata. Ɗan kabu-kabu ya dawo ranar, karo na farko, ni na je har gida na roƙe shi, ya zauna can ƙarshen benci kusa da tarin tayoyi. Norris ya tashi daga gaba ya ci da ratar sakan 30, ba umurni ba taimako ba gardama, irin cin da ko maƙiyinka sai shi sara maka, ya karɓe jagorancin gasar da maki ɗaya, 357 da 356. Ya fito daga mota cikin wurin nan mai kama da filin ƙwallo inda dubban mutane ke zagaye da direbobi, anka miƙa mishi makirofo, sai ihu ya tashi kamar an yi sata a kasuwa. Daga baya wani ɗan jaridar Meksiko ya ce mishi saboda makin Monza ne mutane ke ganin kyautar kambun ake mishi. Shi dai ya ce kowa na da damar yin abin da shike so.

Tela ya miƙe ya haɗa hannu biyu a baki ya taya su, cikin gareji, gaban tele, shina satar kallon ƙarshen benci. Wannan telan ne a Fabrairu, da anka yi ma Verstappen da shugabanshi na lokacin Christian Horner ihu a bukin nuna motoci a Landan, ya ce Turawan nan ba su da tarbiyya. Ɗan kabu-kabu ya tashi za shi fita, Baba ya kashe tele ya ce kowa shi zauna. Ya dubi tela ya ce "ɗana, yaron can na Meksiko bai jin ka, wanda ke jin ka ga shi nan, kuma nonon da uwarka ta sha shi ubanshi ya sha." Tela ya sunkuyar da kai. Ba a shirya ranar ba, amma ba wanda ya fita.

Ni ga yadda nike ganin hukuncin Monza ɗin kanshi, bayan na juya shi sau da yawa. McLaren ta ci bashin Norris, wannan gaskiya ne, don ita ta karɓe mishi damar fara shiga da alkawali, kuma ma'aikatanta ne sunka yi jinkirin. Amma bashin ekip ne, sai ta biya shi daga aljihun Piastri wanda bai ci nanin ba. Kuma abubuwa biyu sun cakuɗe waɗanda ba mai iya raba su, nawa ne na canjin layin shiga nawa ne na tayar da ta ƙi ɗauruwa. In ka ce za ka gyara ma direba duk tsautsayin da ya same shi ina za ka tsaya, injin da ya mutu ma Norris a Zandvoort wa ya biya shi, in gobe Piastri ne tayarshi ta maƙale kuma akwai wata mota tsakaninsu fa? Don haka da ni ne da na bar su yadda sunka fito, in je in ba Norris haƙuri. Na yarda da umurnin ekip in an zo ƙarshen shekara ɗaya na neman kambu ɗaya ya fita lissafi, wannan ko a gona haka ake, wanda ya gama kunyarshi shina taya wanda bai gama ba. Amma mutum biyu da ke neman abu ɗaya a ɗebi na wannan a ƙara ma wancan, ko da kyakkyawar niyya, zuciya ba ta karɓa.

Sai dai duk wannan bai ba kowa hujjar ihun Meksiko ba, kuma nan ne nike rabuwa da tela. Norris ba shi ya riƙe injin ɗaure taya ba, ba shi ya danna rediyo ba, kuma shi ne a 2024 ya maida wuri a Hongiri, sannan a gajeren tseren Katar ya sassauta dab da layi ya bar ma Piastri nasara don ya saka hanyar da Piastri ya ba shi a Barazil. Waɗanda sunka yanke hukuncin, Andrea Stella da Zak Brown shugabannin McLaren, sun kare shi gaban 'yan jarida amma ba su ake tsaidawa tsakiyar dubban mutane da makirofo ba. Na san mai sayen tikiti da tsada ba shi da wani makami sai maƙogwaronshi, kuma ihun 2002 na da ma'ana don a take anka yi shi, kan abin da anka yi ma mutane gaban idonsu. Na Meksiko kuwa an ajiye shi sati bakwai anka sauke ma yaro ranar da ya yi aikinshi mafi tsabta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda abin ke biyo waya shi iso har garejin Tawa, inda ba Norris ba Stella, sai mutumin da kuke cin tuwo kwano ɗaya.

Ranar 7 ga Disamba, tseren ƙarshe a Abu Dabi, ana hunturu. Tun da safe Baba ya aika a kira mishi su biyun, ya sa su cikin ɗakin da shike aje kayan aiki ya rufe ƙofa, ba mu san mi anka faɗa ba, mun dai ji daga baya cewa tela ya nemi gafara kan maganar moto, ita kaɗai, bai janye komi kan Monza ba kuma ba a ce shi janye ba. An shiga tseren Norris na da 408, Verstappen 396, Piastri 392, don an soke sakamakon motocin McLaren biyu a Las Vegas saboda katakon ƙarƙashinsu ya cinye fiye da ƙa'ida, a Katar kuma ekip ta yi kuskuren lokacin canjin taya. Verstappen ya ci, Piastri na biyu, Norris na ukku. Kambu ya tafi ga Norris da maki 423, Verstappen 421, Piastri 410.

Muna da wani malamin lissafi na kwaleji cikinmu, Mushe muke ce mishi, ya ɗauki alli ya rubuta jikin ƙofar garejin 423, ya cire 3, ya rubuta 420, ya rubuta 421 gefe. Tela ya daka tsalle ya ce kun gani, kun gani, da ba a yi satar Monza ba da nawa ne zakara karo na biyar. Mushe ya ce dakata tukun, ya nuna mishi cewa da hakan ta kasance ai Piastri ne na biyu yau Norris na ukku, kuma Brown ya faɗa tun kafin tseren cewa in ta kama za su ba da umurni, da sun juya su nan Abu Dabi Norris shi ƙaru da ukku, ya sake rubuta 423 ƙarƙashi. Ya tambayi tela, da an yi hakan a zagayen ƙarshe na shekara, Piastri ba shi da sauran damar kambu, sata ce ko ba sata ba? Tela ya daɗe shina kallon ƙofar sannan ya ce wannan dabam ne amma da ya yi ihu duk da haka. Ɗan kabu-kabu ya ce shi ma da Red Bull ce ta yi da ya yi.

Da anka watse ɗan kabu-kabu ya tada moto, ya ɗan jira bai ce komi ba, tela ya hau baya da hular lemunshi, muna jiyo su suna musun tayar hagu har sunka sha kwana. Lissafin Mushe na nan jikin ƙofar, Baba ya hana yaranshi su goge.